Ƙasarin Gunya

Makon jiya aka tumɓuke turken da ke ƙofar ɗakina. Ɗana ne ya sa aka cire shi, wai yana tare wa babur hanya, kuma da gaskiyarsa, sau biyu yana cin karo da shi. Ban hana ba. Da wane baki zan hana, turken da rabonsa da ganin ko igiyar akuya tun kafin a haifi mai cire shi? Itacen ƙirya ne, gara ta gwada shi ta haƙura, ruwan sama ya dake shi ya gaji. Da suka ɗaga shi na lallaɓa da sandata na leƙa ramin, ban san abin da nake nema ba, na tarar da busasshiyar ƙasa kawai. Tun ranar nan zuciyata ba ta zauna ba, Gunya ce take ta dawo mini.

A ƙauyenmu, can gefen Tambuwal, sautin turmi ne yake tashe mu a da. Kafin rana ta fito za ka ji taɓarya tana amsa taɓarya daga gida zuwa gida, mata suna surfe, ƙarar guga tana faɗawa rijiya, jakai suna ta nasu, sannan haniniyar dawaki. In an gama surfe a sheƙe dusa, a wanke geron cikin babbar ƙwarya. Ruwan wankin nan mai fari-fari, mai ɗan tsami da ƙamshin hatsi, shi ne ƙasari. Yau in ka ce ƙasari a gidan nan sai a dube ka kamar ka yi Larabci. Hatsi yana tafiya inji cikin buhu ya dawo gari, babu surfe, babu wanki, babu dabbar da ke jira a turke. Abin da ke tashe ni yanzu shi ne tarin babur da ya ƙi tashi, mai shi yana ta dukansa da ƙafa yana zagi.

Gunya goɗiya ce, launinta ne ya zama sunanta, fari mai ɗan ja kamar sabuwar ƙwarya. Ita ce ta ƙarshe a cikin irin da kakana ya bari, kuma ban da ita gidanmu ba shi da wani abin nunawa. Gonarmu ba ta fi ta kowa ba, shanunmu ba su kai a yi magana ba, amma in Baba ya hau Gunya zuwa kasuwa sai a buɗe masa hanya. Wani Bature mai rangadi ya taɓa tsayawa ya zagaya ta yana ta magana ta hanci, tafintansa ya ce yana son ta. Baba ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce ba ta da lafiya. Ƙarya ce, kuma ita kaɗai ce ƙaryar da na taɓa ji daga bakinsa.

Uwar Gunya ta mutu tana 'yar ƙarama, Inna ce ta raine ta da kunu da ƙasari, da hannunta, a bakin ɗakin girki. Daga nan aka samu matsala, ko da yake a lokacin ba mu ɗauke ta matsala ba, abin dariya muka ɗauke ta. Gunya ta tashi ba ta san ruwa tsura ba. In ka cika mata komi da ruwan rijiya sai ta shinshina, ta ɗan jiƙa leɓe, ta ɗaga kai tana duban ƙofar gida. Sai Inna ta fito ta tsiyaya ƙasari a ciki, ko da ludayi biyu ne, sannan ta kafa baki, ka ji maƙogwaronta yana aiki har komi ya yi ƙasa. Mutanen gari suna zolayar Baba cewa ya ajiye amarya a turke. Inna kuwa ko a jikinta, cewa take wanda bai raina maraya ba ya rufe mata baki.

Baba bai ɗauki ruwan doki da wasa ba. Ya sha gaya mini cewa doki zai yi maka haƙurin yunwa, amma ba zai yi maka haƙurin ƙishirwa ba, domin cikinsa dogo ne, harawa busasshiya kuma ba ta wucewa sai ruwa ya tura ta. Shi ya koya mini in tsunkuli fatar wuya in saki, in ta koma nan take lafiya lau, in ta tsaya a tattare to akwai magana. Ya koya mini in ɗaga leɓe in taɓa dasashi in ji ko da danshi, in duba kashi da safe ko ya fito ƙanana masu tauri, in lura da fitsari in ya yi ja. Sau uku a yini ake shayar da ita, da bazara sau huɗu, kuma ba a ba ta tana haki, sai gumi ya tsane. Duk na san wannan tun ban fara aske gemu ba. Ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzurin jahilci, ba ni da shi.

Shekarar da abin ya faru, na dawo ke nan daga aikin hanyar da Nasara suka sa a sare, wata biyu muna fasa marmara, kuma ban daɗe da aure ba. Matata 'yar Kebbe ce. Mahaifinta mutumin dawaki ne sosai, yana da wani baƙin ingarma da ake zuwa nemansa daga nesa. Gunya kuwa ta fara manyanta, 'ya'yan da ta haifa a baya duk maza ne, sun tafi hannun mutane. Baba yana son ta samu mace ko da guda, kada irin ya yanke a hannunsa, kuma ya san damar ba ta da yawa. Aka yi magana tsakanin manya, aka shirya a kai ta Kebbe a yi mata barbara. Ana saura kwana kaɗan kurkunu ya fito wa Baba a idon sawu, ya kwantar da shi, ko masallaci sai an riƙe shi. Tafiya ta faɗo kaina, a tsakiyar bazara.

Dole in tsaya in yi bayanin kunyar surukai, don na ga 'yan yanzu ba su san ta ba. Mijin jikata yakan shigo gidan nan da takalmi, ya zauna kan kujera, ya ce wa uwar matarsa miyar jiya gishiri ya yi yawa, a yi dariya. A zamaninmu in ka hango surukinka a hanya sai ka tuɓe takalmi ka ratse ka durƙusa. Ba ka cin abinci a gabansa, ba ka shan ruwa yana gani, ba ka ɗaga ido, in ya ce rana ta fito daga yamma sai ka ce haka ne. Surukuwa kuwa ba ka ma yarda ku haɗu. In ta ɓullo ta nan ka ɓace ta can, kuma a roƙe ta wani abu, wannan ko a mafarki. Da haka ake gane ɗan mutunci, ni kuma a lokacin babu abin da nake so a duniya kamar a ce a Kebbe sun samu suruki ɗan mutunci.

Ranar tafiya, na ɗaura sirdi, na sa sabuwar rigata, sai ga Inna ta biyo ni bayan gida da wata 'yar jaka ta tsohon zane, ɗaure da igiyar rama.

“Ungo wanga,” in ji ta. “Gero na, na surfe shi. Kullum ka wanke hannu guda cikin ruwanta, in ba haka ba ba ta sha. Ka jiya?”

Na ce na ji. Ta koma ciki. Na tsaya da jakar a hannu ina hango kaina a ƙofar gidan surukina, tsugune gaban ƙwarya ina wankin gero kamar mace, mazan Kebbe suna kallo. Na ce a raina ai dabba ce, in ƙishirwa ta kai mata wuya za ta sha ko ruwan kwata ne, Inna ce kawai ta sangarta ta. Na rataye jakar a jikin danga ta baya, inda ba a cika bi ba, na hau na kama hanya ina jin kaina namiji.

Rana ta yi zafi ƙwarai a hanyar nan. Na tsaya a rijiya biyu, a kowace ta shinshina ta kurɓi kaɗan ta kau da kai. A ta biyu wani Bafillace mai shayar da shanu ya dube ta ya dube ni, ya ce goɗiyar nan ba ta sha ba fa. Na ce halinta ne. Muka kwana a wani ƙauye, washegari da hantsi muka shiga Kebbe, gumi ya bushe a jikinta ya bar farin gishiri. Aka karɓe ni da mutunci, aka sauke ni a zauren maƙwabci kamar yadda ya dace, ita kuma aka kafa mata turke a inuwar wata tsamiya, daura da katangar gidan surukina. A gindin katangar akwai rariya inda ruwan cikin gida yake fita, kusa da ita kuma dakalin da surukina yake wuni da abokansa. Aka zuba mata harawar wake mai kyau, ta ci sosai, don yunwa take ji. Aka kawo ruwan gulbi, ta taɓa ta bari.

Da safe sai turmi ya fara a cikin gida. Na ga Gunya ta miƙe kunnuwa. Da aka gama surfe, can sai ga ƙasari ya biyo rariya, fari, yana malala cikin taɓo, agwagi suna rububinsa. Ta ja igiya har wuyanta ya miƙe, ta yi wata haniniya da na san ta tun ina yaro, wadda take yi wa Inna. Mutanen dakali suka fashe da dariya, suka ce ta ƙosa, ango take kira. Ni ma na yi murmushi kaina a ƙasa. Tsakaninta da ruwan nan bai fi taku goma ba, tsakanina da surukina bai kai haka ba. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce a roƙa mini Inna ta cikin gida ta tara mana ruwan wankin geronta. Na juya maganar a bakina ta kowace fuska, kowace fuska kunya ce. In ce ruwan hannun surukuwata nake so? In gaya wa mutumin da ya san dawaki cewa mun ɓata goɗiyarmu da abin mata? Ina kallo ƙasa ta shanye ruwan.

Da yamma surukina ya lura ba ta sha. Ya tashi da kansa ya zagaya ta, ya shafa wuyanta, ya ce baƙunta ce, dabba ba ta kashe kanta da ƙishirwa ga ruwa a gabanta. Ya sa aka kawo jar kanwa aka daka aka haɗa da dusa, don haka ake yi, kanwa tana tayar da ƙishirwa doki ya sha da yawa. Ga dokin da zai sha magani ne. Ga Gunya wuta ce aka ƙara wa itace. Ina durƙushe ina kallo ta lashe tas, na san abin da zai biyo baya, bakina kuma ya ce, “Madalla, Baba.”

Kwana na biyu na yi dabarar wawa. Na sayi fura a wurin wata mai talla, na zaga bayan gari inda ba kowa, na dama a ruwa na kawo mata a ɓoye, ina cewa ai duk gero ne. Furar tana da barkono da citta, ta shinshina ta yi atishawa ta ja da baya. Na tsunkuli fatar wuyanta, ta tsaya a tattare kamar tsohon walki. Dasashinta ya bushe yana manne wa yatsa. Kashin da ta yi 'yan ƙanana ne baƙaƙe, daga nan kuma ba ta sake yi ba. Na ce gobe da safe zan faɗa. Goben ta zo, turmi ya yi, ƙasari ya biyo rariya, liman yana zaune a dakali tare da surukina, na ce bari liman ya tashi. Ranar nan ba ta yi haniniya ba, kallon rariyar kawai ta yi.

Kafin azahar ta fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, tana waiwayen kwiɓinta, ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta yi birgima. Cikinta ya ɗaure tamau. Mutane suka taru, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a yi mata hayaƙi, wani ya ce a nemo likitan dabbobi na Nasara, alhali kowa ya san sai lokacin allurar shanu ake ganinsa. A nan ne, da abin ya riga ya lalace, bakina ya buɗe.

“Baba,” na ce, “ƙasari taka sha.”

“Mi kac ce?”

“Tun tana ƙarama ba ta shan ruwa sai an sa ƙasari.”

Ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Kana nan durƙushe ina ba ta kanwa,” in ji shi, “kac ce min madalla.”

Ya shiga gida da sauri. Ƙasarin safe an riga an zubar, sai da aka ɗebo gero daga rumbu aka fara sabon surfe. Ban taɓa jin turmi da tsakar rana irin wannan ba, taɓarya uku a turmi guda, matan maƙwabta sun shigo taimako, babu waƙa babu guɗa. Ni da wasu muna riƙe da Gunya muna jan ta tana tafiya don kada ta kwanta. Da aka fito da masaki cike fal, na durƙusa na kai mata. Ta gane shi. Wallahi ta gane shi, kunnuwanta suka motsa, ta sa baki ta ja sau biyu ko uku. Amma hanya ta riga ta toshe, ciwon kuma ya fi ƙarfin ƙishirwar. Ƙafafunta suka lanƙwashe, ta faɗi a kan masakin, ƙasarin ya jiƙa mini sabuwar riga.

Daga bayan zanan ƙofar gida na ji muryar surukuwata. Ba ta taɓa yi mini magana ba kafin ranar, ba ta kuma sake ba har ta rasu.

“Ɗan nan,” ta ce, “kullum nika jin kukanta in na zubda ruwan ga. Da ka turo ko da wa na, da na tara ma.”

La'asar ba ta yi ba Gunya ta cika. Aka ɗaura mata igiya aka ja ta bayan gari, ban bi ba. Irin kakana ya ƙare a nan, a gindin tsamiyar mutane, ga gulbi ana hangowa, ga randuna cike a kowane gida. Na yi shekaru ina neman wanda zan raba laifin nan da shi. Na gwada Inna da ta saba mata, na gwada surukina da kanwarsa, na gwada al'adar da ta ɗinke mini baki. Babu wanda ya zauna. Kunyar nan da nake taƙama da ita, da na duba ta da kyau, rabinta ladabi ne, rabinta son a yabe ni. Yau kunyar ta tafi, dawakin sun tafi, rijiyar da muke shayarwa an cike ta an yi shago a kai. Ina kewar su duka, har da abin da ya cuce ni, kuma ban ga alamar ko ɗaya zai dawo ba.

Surukina ya ce a ba ni doki in hau zuwa gida, na ƙi. Na ɗora sirdi a ka, na rataya linzami a kafaɗa, na tako da ƙafa. Sai da na kwana biyu a hanya, da hantsi na iso ƙauyenmu. Baba yana kwance a zaure da ƙafarsa a kumbure, ya ga sirdi a kaina, ya yi salati, ya juya fuska bango. Bai tambaye ni komai ba, bai kuma sake ajiye doki ba har ya bar duniya.

Inna na tarar a gindin turke da ƙwarya a hannu. Ashe tun da muka tafi kullum sai ta ajiye ƙasarin safe, ko za mu dawo ranar. Ta dubi bayana, ta dubi sirdin. A ƙofar ɗakinta na hango jakar tsohon zanen nan, a ɗaure yadda ta ba ni.

“Na gane ta ga danga,” ta ce a hankali. “Mantuwa kay yi, ko?”

Ta san ba mantuwa ba ce. Wanda ya manta abu a ƙasa yake barinsa, ba ya neman reshe ya rataye. Hanya ta buɗe mini, ko in bi in tsira, ko in tsaya in faɗi gaskiya sau ɗaya a tafiyar nan. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba.

“Mantuwa ta, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta karkata ƙwaryar ta tsiyaye ƙasarin a gindin turken har ya ƙare. Ta yi shekara ashirin da wani abu bayan nan, muna gida ɗaya, ina gaishe ta safe da yamma, ban taɓa gyara maganar ba.